Ɗan'uwa mai saurin fushi da sauyin hali: sulhu, malami ko asibiti?

Idan babba a gida ya fara hawa dokin zuciya babu gaira babu dalili, yau ana raha da shi gobe ya yi jifa da kwanon abinci, kan dangi yakan rabu. Inna ta ce sammu ne, a nemo malami. Kawu ya ce iskanci ne, a tara manya a ja masa kunne. Ƙanwar da ta yi makarantar jinya ta ce asibiti. Wani maƙwabci kuma ya san wani gida a bayan gari da ake gyara irinsu cikin wata uku. Wanda nauyin ke wuyansa, matarsa ce ko ƙaninsa ko babban ɗansa, shi ke kwana ido biyu: ga kuɗi ba yawa, ga tsoron kada magana ta fita a ce gidan wane akwai mai taɓin hankali.

Yaro ana saɓa shi a kafaɗa a kai shi ko yana kuka. Magidanci mai shekara 45 ko uwar 'ya'ya shida ba a yi musu haka, kuma idan aka fara da hanyar da ta wulaƙanta su, da wuya su sake yarda da wata. Shi ya sa hanyar da aka fara bi take da nauyi sosai.

Abin da za a auna

Na farko, kuma shi ya fi sauran: shin hanyar tana iya gano dalili? Fushi alama ce, abubuwan da ke haifar da shi kuma suna da yawa. Akwai na jiki: sukari ya faɗi ƙasa ga mai shan maganin ciwon sukari, halittar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo (thyroid) ta yi aiki fiye da kima (mutum ya rame, ya riƙa gumi da bugun zuciya da rawar hannu), farfaɗiya, buguwar kai a haɗarin babur ko da an daɗe, ƙaramin shanyewar ɓarin jiki, zazzaɓi mai zafi ga tsoho. Akwai na ƙwaya: tiramadol, kodin, wiwi, sholisho, har da deksa da wasu mata ke sha don ƙiba, wadda sauya hali na cikin sanannun illolinta. Akwai na ƙwaƙwalwa: ciwon damuwa, wanda a wurin maza da yawa yakan fito da faɗa maimakon kuka; ciwon hawa da saukar yanayi da likitoci ke kira baifola; firgicin da ke bin wanda ya tsira daga hannun 'yan bindiga ko ya ga kisa da idonsa; ruɗewar tsufa. Akwai kuma na rayuwa zalla: bashi, karayar jari, zaman aure da ya yi tsami.

Na biyu kuɗi, wanda ya haɗa da na mota da ranakun da mai rakiya zai rufe shago. Na uku ɗorewa, wato ko sauƙin zai kai baɗi. Na huɗu sauƙin samu, da ko shi mutumin zai yarda ya je. Na biyar haɗari ga jikinsa da mutuncinsa da waɗanda ke kwana gida ɗaya da shi.

Kafin a ɗora kowace hanya a kan waɗannan, a tambayi wanda ya fi kowa saninsa: tun yaushe? Hausawa sun ce hali zanen dutse, to wanda tun yana saurayi zuciyarsa a kusa take lissafinsa daban. Amma mutumin da aka sani da haƙuri shekara ashirin, ya rikiɗe cikin wata biyu, wannan wani abu ne ya same shi, kuma nemo abin shi ne aikin farko.

Zaman dangi da sulhu

A tara wansa, kawunsa, limamin unguwa ko aminin da yake jin nauyi. Idan abin ya shafi aure akan kai wa waliyyai, mai unguwa, ko hukumar Hisbah a jihohin da take. Ba ya cin kuɗi, ana iya yinsa yau bayan Isha'i, kuma idan tushen fushin rigimar gado ce ko bashi ko kishi, babu likitan da zai fi waɗannan mutanen amfani.

Rauninsa shi ne ba ya ganin ciwo. Mai ciwon damuwa da aka zaunar aka ce masa ya ji tsoron Allah ya daina ɓata wa iyalinsa rai zai sunkuyar da kai, ya ba da haƙuri, ya fita da nauyin da ya fi wanda ya shigo da shi. Wanda kansa ya ɗau zafi kuma zai ɗauka taron dangi aka yi masa. Sai a ga lafiya ta mako biyu, abin ya dawo. Akwai wani haɗarin da ba a cika faɗa ba: sau da yawa zaman yana ƙarewa da "ki ƙara haƙuri", a mayar da matar da ake duka ɗakin da ake dukanta. Mutum biyu da yake girmamawa, cikin sirri, sun fi cikar zaure.

Malami: addu'a da ruƙiyya

Nan yawancin gidaje ke farawa, kuma da dalili. Mutumin da zai yi tsalle ya dire idan aka ambaci likitan ƙwaƙwalwa, zai zauna lafiya a yi masa tofi. Koyarwar addini kan fushi ma tana da amfani a aikace: Manzon Allah (SAW) ya yi wa wani sahabi wasiyya da kada ya yi fushi, ya maimaita masa, an kuma koyar da neman tsari daga Shaiɗan, da cewa wanda ke tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kwanta. Malamin kirki yana ba iyali natsuwa, yana kuma iya zama wanda zai ce wa mutum, "Alhaji, addu'a muna yi, amma ka je a duba jininka," ya ji.

Kuɗin ya danganta da wanda aka samu. Wani sadaka kawai yake karɓa. Wani kuma kowane zuwa da sabon sharaɗi, yau turare, gobe baƙin rago, jibi a ce aljanin ya ƙi fita sai an ƙara. Irin wannan yakan ci kuɗi mai yawa. Ta fuskar gano dalili, malami ba shi da abin auna sukari ko maƙoƙo. Ciwon baifola kuma yana da ɗabi'ar lafawa da kansa bayan makonni ko watanni, sai a ɗauka an rabu da shi, a saki jiki, ya dawo.

A gudu daga duk wanda ke dukan marar lafiya da sunan dukan aljani, ko shaƙe shi da hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko keɓewa da mace ba muharraminta, ko ya ce a jefar da maganin asibiti. A ƙara da wanda zai nuna kishiya ko matar wa ya ce ita ta yi. Gidaje da yawa sun watse a kan wannan, marar lafiyan kuma yana nan yadda yake. A ganina addu'a abokiyar tafiyar kowace hanya ce a wannan jerin, matsalar tana zuwa ne idan aka tsaya a kanta ita kaɗai wata shida.

Gidan mari

Iyali kan kai mutum nan ne bayan sun gaji, kuma abin da suke saya shi ne barcin dare a gida. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka buɗe wasu a Daura, Katsina da Zariya. Ana biyan kuɗin wata-wata, babu likita, babu gwaji. Mai shan ƙwaya da aka yanke masa ita dare ɗaya ba kulawa yana iya faɗawa jijjiga, musamman idan baliyam ce, wato ƙwayar sa barci, ko giya. Wanda ya fito yakan fito da ladabin tsoro da ƙullin da ba ya mantawa ga waɗanda suka kai shi. Cikin ma'aunan nan biyar, sauƙin samu kaɗai ya ci.

Haka zan ce game da zuwa kemis a ce "ba ni abin da zai sa shi barci", a riƙa zuba masa a shayi. Arha ne, amma baliyam da danginta suna kama jiki, suna ɓoye ciwon, kuma ranar da ya gane an sha ba shi abu a ɓoye, ko ruwan gidan ba zai ƙara yarda da shi ba.

Babban asibiti, wurin likitan kowa da kowa

Wannan ita ce hanyar da aka fi tsallakewa, ita ce kuma na fi ba da shawarar a fara da ita idan sauyin sabo ne. A yanki kati kamar mai zazzaɓi. Likita zai auna hawan jini da sukari, ya duba wuya, ya tambayi magungunan da ake sha, idan da hali ya tura gwajin jini na maƙoƙo ko na fitsari. Kuɗin kati kaɗan ne, gwaje-gwajen ne ke ɗan cin kuɗi, amma yawanci sau ɗaya ake yinsu. Idan aka dace dalilin na jiki ne, maganinsa shi ne maganin fushin, kuma sauƙin yana ɗorewa.

Babbar fa'idarsa ita ce babu abin kunya a ciki. Babu wanda zai ga Baba a layin ganin likita ya yi gulma. Rauninsa kuma layi ne da gajeren lokaci: likitan da mutum hamsin ke jira ba zai tono zancen hali ba idan ba a ɗauko masa ba, sai a fito da maganin maleriya. Don haka mai rakiya ya shiga tare, ko ya riga shi shiga, ya faɗi abin ƙarara. Ya fi kyau a zo da 'yar takarda: yaushe ya fara, awa nawa yake barci, yana cin abinci, ya yi kyauta ko sayayyar da ba ta dace da aljihunsa ba, ya taɓa ambaton mutuwa, akwai mai irin wannan a dangi. A zuba duk ƙwayoyin da ke ɗakinsa a leda a tafi da su, har na gargajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shiri tun 2008 na horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane irin waɗannan cututtuka, amma ba ko'ina ake samun wanda ya sami horon ba, don haka idan ba a gamsu ba a nemi takardar turawa gaba.

Likitan ƙwaƙwalwa

A arewa akwai asibitocin da aikinsu ke nan: na Barnawa a Kaduna, na Kware kusa da Sakkwato, na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Jos suna da sashen, haka Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ga mutanen Nijar. Ga wanda sunan Dawanau kaɗai zai sa ya ƙi shiga mota, sashen da ke cikin asibitin koyarwa ya fi sauƙi, don ƙofa ɗaya ake shiga da mai ciwon ido.

Mutane da yawa suna zaton duk wanda aka kai sai an kwantar da shi. Mafi yawa ana ganinsu ne su koma gida a ranar, a ba su ranar dawowa. Gado na wanda ya zama haɗari ga kansa ko wasu ne, ko ya daina ci da barci. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙoƙin marar lafiya da ƙa'idojin kwantar da shi idan bai yarda ba.

Wajen gano dalili babu kamar likitan ƙwaƙwalwa. Nan ake bambance baifola da damuwa, bambancin kuma ba ƙarami ba ne, domin maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura mai baifola ya haura sama. Alamar hawan ita ce mako guda ko fiye mutum yana barcin awa biyu ko uku bai gaji ba, magana ba birki, manyan tsare-tsare, rabon kuɗi, faɗa da duk wanda ya ce masa a'a. Daga baya kuma ya faɗo, ya shige ɗaki makonni.

Kuɗinsa ba na rana ɗaya ba ne. Magani ne na watanni, wani na shekaru, ga kuɗin mota idan daga ƙauye ake zuwa. Tsofaffin magunguna suna da arha, sababbi sun fi tsada, kuma babu laifi a gaya wa likita abin da aljihu zai iya tun farko, ya fi a saya wata ɗaya a daina. Mai inshorar lafiya ya tambaya ko ta ɗauki maganin. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, don haka jira dole ne. Ganinsu a asibitin kuɗi ya fi sauri, ya kuma ninka tsada.

Haɗarin yana cikin magungunan, kuma gara a san shi. Wasu suna sa sanƙarewar jiki, rawar hannu da dalalar miyau, abin da ke sa dangi su ce an mayar da shi wani iri. Ana gyara wannan da rage adadi ko canji, a koma a faɗa. Wasu suna sa ƙiba da hawan sukari. Epilim, maganin farfaɗiya da ake ba mai baifola ma, yana iya cutar da ɗan tayi, don haka duk macen da ke iya ɗaukar ciki ta faɗa wa likita. Litiyam, shi ma maganin baifola, yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, kuma ƙishirwa mai tsanani tana sa ya taru a jiki, abin lura a watan azumi da zafin bazara. Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa. Abin da ya fi komai mayar da mutane baya shi ne a ga sauƙi a ce ya warke a ajiye magani. Ga mai mantuwa ko mai ƙin haɗiya, wasu cututtukan suna da allurar da ake yi bayan mako biyu zuwa huɗu.

Zama da masanin halayyar ɗan Adam

Ba ya rubuta magani. Zama ne na kusan awa guda, mako-mako, sau takwas ko goma sha biyu ko fiye, ana koya wa mutum gane abin da ke kunna shi, alamun da jikinsa ke bayarwa kafin ya fashe, da abin da zai yi a wannan ɗan tsakanin. Ga mai zafin rai na asali da mai firgici bayan tashin hankali, wannan ya fi ƙwaya ɗorewa, domin abin da aka koya yana nan bayan an daina zuwa. Haɗarinsa kaɗan ne. Sai dai masu aikin sun fi yawa a manyan birane, na kuɗi suna da tsada, wanda zai yi zaman da Hausa ba ko'ina ba, kuma idan mutum bai yarda yana da matsala ba, asarar kuɗin mota ce. A asibitocin da aka ambata a sama akan same su da rahusa.

| Hanya | Gano dalili | Kuɗi | Ɗorewa | Zai yarda? | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Zaman dangi | Na rikicin gida kawai | Babu | Gajere idan ciwo ne | Sau da yawa | Tozarci, danne wadda ake cuta |
| Malami | Ba ya auna jiki | Daga sadaka zuwa tatsa | Natsuwa, ba tabbas | Cikin sauƙi | Jinkiri, zargin sammu |
| Gidan mari | Babu | Wata-wata | Babu | Da ƙarfi ake kai shi | Mai tsanani |
| Babban asibiti | Na jiki | Matsakaici, sau ɗaya | Mai kyau idan an gano | Yawanci | A sallame shi ba a tono ba |
| Likitan ƙwaƙwalwa | Mafi zurfi | Mai ci gaba | Mai kyau idan an riƙe magani | Da wuya a farko | Illar magani, surutun mutane |
| Masanin halayya | Na tunani da ɗabi'a | Mai tsada a waje | Mai daɗewa | Sai mai so | Kaɗan |

Wace ta dace da wa

Idan ya ɗauki makami, ya shaƙe wani, ya ce zai kashe kansa, ko ya fara jin muryoyi da zargin ana sa masa guba, ba a jiran taron dangi. A fitar da yara da matar zuwa wani gida, a kawar da wuƙaƙe, fiya-fiya da maganin ɓera, a samu maza biyu ko uku da yake sakin jiki da su a tafi sashen gaggawa yau. Haka mai jego da ta rikice cikin makonnin farko bayan haihuwa, ba ta barci, tana maganganun da ba su haɗu ba: asibiti a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Haka tsohon da ya ruɗe cikin kwana biyu ko uku, domin sau da yawa ciwo ne a jiki kamar na mafitsara ko na huhu.

Idan sauyin na 'yan watanni ne ga mutumin da aka sani da sanyin hali, musamman wanda ya haura arba'in, ko mai sukari, ko wanda ya taɓa buguwa a kai, ko macen da al'ada ke ɗauke mata, babban asibiti tukuna.

Idan abin yana zuwa yana tafiya, makonni sama makonni ƙasa, ko akwai mai irinsa a dangi, a wuce kai tsaye wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Idan ana ganin fankon ƙwaya a aljihu, kuɗi na ɓacewa, fushin kuma ya fi tashi da safe kafin ya fita, maganar shaye-shaye ce. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya ƙiyasta masu sha a Najeriya sun kai miliyan 14.3, don haka ba gidanku kaɗai ba ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa suna da sashen masu shaye-shaye, hukumar NDLEA ma tana da ɓangaren ba da shawara da gyaran hali. Kowace cibiya za a kai shi, a shiga a ga ɗakin kwanansu da ido, a tambayi likitan da ke duba su, a tabbatar ana barin ziyara.

Idan halinsa ne tun fil azal, kuma shi da kansa yana nadama bayan ya huce, masanin halayya tare da malamin da yake girmamawa. Idan kuma a kasuwa da masallaci lafiya lau yake, sai ya shigo gida yake zama zaki, to yana iya riƙe kansa ke nan. Wannan maganar waliyyai ce da hukuma, kuma tsaron matar ke gaba da gyaransa.

Saura wanda ya ce lafiyarsa ƙalau, ku ne marasa lafiya. Kada a ɗauko zancen yana cikin fushi, kada kuma a ambaci hauka. A jira ya huce, a kama abin da shi ma yake kuka da shi: "Yaya, na ga kwana biyu ba ka samun barci, ga ciwon kan nan. Mu je a duba hawan jini, ni ma zan auna nawa." Idan ya ƙi, matarsa ko ƙaninsa na iya zuwa su ga likita su kaɗai da waccan 'yar takardar bayanin halinsa, a gaya musu abin da ake zato da yadda za a shawo kansa ya zo da ƙafarsa.